Asali da Gona: Zaluncin Rukunan Gado da Boren Manoma a Tsofaffin Finafinan Hindi

1.0 Gabatarwa

Galibin nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasar nan a kan finafinan Indiya sun fi karkata ne ga soyayya da waƙa da rawa, kasancewar su ne suka fi yin naso a adabin Hausa na zamani. Wannan maƙala za ta dubi wani jigo na daban, wato yadda finafinan harshen Hindi, daga 1936 zuwa farkon shekarun 1980, suka sarrafa batun wariyar asali da kuma gwagwarmayar manoma da masu mallakar ƙasa. Abin da ake son nunawa shi ne, a ƙauyen Indiya matsalolin nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, amma masu shirya fim sun raba su har tsawon shekara kusan arba'in kafin su yarda su haɗa su a labari guda.

2.0 Tsarin Rukunan Gado da Mallakar Ƙasa

Tsofaffin littattafan addinin Hindu sun kasa al'umma gida huɗu: Brahmin masu ilmi da jagorancin ibada, Kshatriya masu sarauta da yaƙi, Vaishya 'yan kasuwa, sai Shudra masu hidima. A ƙarƙashin waɗannan akwai mutanen da ba a ma lissafa da su, masu jima da shara da kwasar mushe, waɗanda ake ganin taɓa su yana kawo ƙazanta. A aikace kuwa rukunan sun kai dubbai, ana kiran kowanne jati, kalmar da za a riƙa fassarawa a nan da "rukunin gado". Gandhi ya raɗa wa na ƙasan suna Harijan, wato mutanen Ubangiji. Su kuwa daga baya suka zaɓi Dalit, ma'ana waɗanda aka murƙushe. Saɓanin sunayen nan biyu saɓanin siyasa ne. Gandhi yana neman manya su tuba su tausaya, shi kuwa B. R. Ambedkar, wanda shi kansa Dalit ne, yana neman haƙƙi da doka. A 1927 ya jagoranci dubban mutanensa suka sha ruwa a tafkin garin Mahad da aka haramta musu, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa aka tsara kundin mulkin 1950, wanda sashe na 17 nasa ya soke wannan ƙyama.

Ta fuskar gona, yarjejeniyar haraji da Turawan Ingila suka kafa a Bangal a 1793 ta mayar da masu karɓar haraji, wato zamindar, mamallakan ƙasa, manoma kuma suka koma 'yan haya. Mai ƙasa galibi ɗan babban rukuni ne, ɗan ƙwadago marar gona kuwa galibi Dalit ne. A kan wannan aka yi boren Tebhaga a Bangal a 1946 zuwa 1947, inda masu noman raba-daidai suka nemi kashi biyu cikin uku na amfanin gona, da boren Telangana na 1946 zuwa 1951, wanda aikin tilas na daga cikin abubuwan da suka haddasa shi.

3.0 Wariyar Asali a Rigar Soyayya

Shekara biyar da fitowar fim mai magana na farko a Indiya, kamfanin Bombay Talkies ya fitar da Achhut Kanya (1936), wato "yarinyar da ba a taɓawa", ƙarƙashin umarnin wani Bajamushe, Franz Osten. Kasturi 'yar mai gadin mararrabar jirgin ƙasa ce, Pratap kuma ɗan Brahmin ne. Suna son juna, amma aka yi wa kowa aure a rukuninsa. A ƙarshe mijin Kasturi ya kama Pratap da kokawa a kan layin dogo, ita kuma ta ruga ta tsayar da jirgi, jirgin ya take ta. Fim ɗin ya yi jarunta a zamaninsa, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ya kafa wani zubi da aka daɗe ana bi: wanda ake zalunta mace ce, mai haƙuri, ba ta da jama'a a bayanta, kuma mutuwarta ce ke warware ƙullin labarin. Abin lura kuma, Devika Rani da ta fito a matsayin Kasturi 'yar babban gida ce, jinin dangin Rabindranath Tagore.

Bayan shekara 23 Bimal Roy ya sake ɗauko zancen a Sujata (1959). Wani injiniya Brahmin da matarsa sun riƙi marainiya 'yar ƙaramin rukuni, ta girma a gidan ba a taɓa kiranta 'ya kai tsaye ba. Ranar da ta gano asalinta ta fita cikin ruwan sama da niyyar hallaka kanta, wurin tunawa da Gandhi ne ya sanyaya mata zuciya. Uwar riƙon ba ta karɓe ta ba sai da ta faɗi ta ji rauni, aka rasa jinin da ya dace da nata in ban da na Sujata. Wato sai da yarinyar ta biya da jininta kafin a ba ta matsayin da kundin mulki ya riga ya ba ta kyauta tun 1950. An yi wannan fim shekara uku bayan Ambedkar ya fita daga addinin Hindu tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa a Nagpur a 1956, amma mai kallo ba zai ji ƙanshin wannan fushi a cikinsa ba. A finafinan nan biyu ba a tambayi wa ke da gona ba.

4.0 Manomi, Bashi da Bindiga

A ɗaya ɓangaren kuma akwai finafinan gona. Ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta IPTA, mai ra'ayin gurguzu, ta fitar da Dharti Ke Lal (1946) a kan yunwar Bangal ta 1943, wadda ta ci rayuka tsakanin miliyan 2 zuwa 3. Wanda ya fi shahara shi ne Do Bigha Zamin (1953) na Bimal Roy. Shambhu yana da 'yar gona da ba ta kai eka ɗaya ba, Thakur Harnam Singh kuma yana son wurin don gina masana'anta. Da ya ƙi sayarwa, aka murɗe lissafin bashinsa daga rufi 65 zuwa 235, kotu ta ba shi wata uku. Ya tafi Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane da ƙafa, bai tara kuɗin ba. Da ya komo ya tarar da gini a gonarsa, ya duƙa ya ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, mai gadi ya sa ya zubar. Babu bore a nan ko kaɗan, kuma wannan ne ƙarfin fim ɗin, domin ya fito a daidai lokacin da jihohi irin su Uttar Pradesh ke shelar sun soke tsarin zamindar.

Mother India (1957) na Mehboob Khan ya cancanci a dakata a kansa, domin a cikinsa ne zubin ya cika. Surukar Radha ta ci bashin rufi 500 a wurin Sukhilala don hidimar biki. Da yake mutanen gidan ba su iya karatu ba, mai bashin ya rubuta abin da ya ga dama, ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona a matsayin kuɗin ruwa. Mijin Radha ya rasa hannuwansa a ƙarƙashin dutse, kunya ta kore shi daga gida, ambaliya ta cinye sauran. 'Ya'ya biyu suka rayu: Ramu mai biyayya, da Birju wanda yake neman a nuna masa littafin lissafi. Birju ne kaɗai a ƙauyen ya fahimci cewa bashin ba mai biyuwa ba ne. Ya shiga daji ya zama ɗan fashi, ya dawo ya ƙone littattafan, ya kashe Sukhilala. Har zuwa nan mai kallo yana tare da shi. Sai marubutan suka sa ya sace 'yar Sukhilala ranar aurenta, da haka zancen ya tashi daga haƙƙin gona ya koma mutuncin 'ya mace, uwarsa ta ɗauki bindiga ta harbe shi. Fim ɗin ya buɗe ya kuma rufe da Radha tana buɗe madatsar ruwan da gwamnati ta gina. Saƙon a fili yake: an yarda an zalunci manomi, amma magani yana hannun hukuma, wanda ya yi gaggawa kuwa ko uwarsa ba za ta bar shi ba.

Ganga Jumna (1961), wanda Dilip Kumar ya ɗauki nauyinsa ya kuma fito a ciki, ya maimaita wannan hukunci, sai dai a nan ƙane ne ɗan sanda ya harbe wansa da zaluncin mai ƙasa ya tura daji. Masu nazarin harshe za su so lura da cewa Ganga yana magana ne da karin harshen ƙauye na yankin Awadh, ƙanensa mai ilmin boko kuma da daidaitacciyar Hindi. Harshen doka daban, harshen wanda doka ta ci daban.

A duk waɗannan an yi shiru game da rukunin gado. Manomin yana da gonarsa, ko da ƙarama ce, yana shan ruwa a rijiyar gari. Ɗan ƙwadagon da ba shi da ko taki ɗaya, wanda shi ne ƙashin bayan boren Telangana, bai samu shiga ba. Ko a 1975, Thakur ɗin da ke cikin Sholay uban ƙauye ne abin tausayi, mugun yana can cikin duwatsu.

5.0 Bayan Naxalbari

A 1967 manoman Naxalbari a Bangal ta Yamma suka ɗauki makami. A watan Disamba na 1968 aka ƙone Dalit 44 a ƙauyen Kilvenmani na jihar Madras, wadda ake kira Tamil Nadu a yau, saboda neman ƙarin ladan ƙwadago. A 1972 matasan Dalit suka kafa ƙungiyar Dalit Panthers a Bambai. Bayan waɗannan, raba asali da gona ya zama da wuya.

Shyam Benegal, haifaffen Haidarabad, shi ne ya haɗa su. A Ankur (1974), Surya ɗan mai ƙasa ya zo duba gonar ubansa, ya nuna shi wayayye ne har yana cin abincin da Lakshmi, 'yar ƙaramin rukuni, ta dafa. Ya yi mata ciki. Da amaryarsa ta tare, wayewar ta gudu, har ya zane mijin Lakshmi, kurma kuma bebe, da bulala don tsoron abin da mutumin bai ma zo nema ba. Boren da ke cikin fim ɗin dutse ɗaya ne tak, wanda wani yaro ya jefa tagar gidan. A Nishant (1975) dutsen ya zama gayya. Ƙannen mai ƙasa sun sace matar malamin makaranta, 'yan sanda da ofisoshi suka juya masa baya, shi da limamin wurin bauta suka tayar da ƙauyen. Jama'a suka afka wa gidan suka kashe na kashewa, har da matar da aka fito ceto. Benegal bai yi wa bore kwalliya ba, amma bai sa uwa ko ƙane su hukunta shi ba. An ajiye labarin a 1945, zamanin mulkin Nizam, kuma ana iya ganin wannan a matsayin garkuwa, tun da fim ɗin ya fito ne a shekarar da Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci. Manthan (1976) kuwa manoma 500,000 na Gujarat ne suka ba da rufi 2 kowannensu aka shirya shi, kuma a cikinsa Bhola, Dalit mai zafin kai, shi ne ya riƙe ƙungiyar masu madara bayan jami'in birni ya koma inda ya fito. Wannan sabon abu ne: Dalit namiji, mai fushi, wanda labari ya ƙare yana raye.

Mafi ɗacinsu shi ne Sadgati (1981), wanda Satyajit Ray ya shirya wa talabijin daga gajeren labarin Premchand. Dukhi majemi ya je neman Brahmin ya zaɓa masa ranar baikon 'yarsa, aka sa shi faskare da yunwa har ya faɗi matacce. Danginsa suka ƙi ɗauke gawar, Brahmin ba ya iya taɓa ta, sai ya zarga igiya a ƙafarta ya ja ta zuwa juji.

6.0 Abin da Ya Isa ga Mai Kallo Bahaushe

Tun a shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen silman Arewa, kuma Brian Larkin, a binciken da ya buga a 1997, ya nuna yadda Mother India ya shekara da shekaru yana tara jama'a a Kano. Finafinan Benegal da na Ray ba su samu irin wannan kasuwa ba. Ke nan abin da ya iso ƙasar Hausa da ƙarfi shi ne zubin farko, na mugun mai bashi da uwa mai haƙuri, wanda talakan da ya san bashin kaka da nauyin haraji ba ya bukatar tafinta kafin ya gane shi.

Rukunin gado kuwa a harshe yake ɓuya. Ba'indiye da ya ji "Thakur" ya san mai ƙasa ne ɗan rukunin mayaƙa, "Lala" ɗan kasuwa ne ko mai lissafi, "Pandit" Brahmin ne, "Mahato" na sunan Shambhu kuma laƙabi ne na rukunan manoma. A kunnen Bahaushe duk sunaye ne kawai. Mai fassara zai iya jarabtuwa ya ɗauko "asali" ko "sana'ar gado", tun da M. G. Smith ya yi bayanin karda da shigege a tsarin matsayi na Hausawa, kuma an san yadda wasu gidaje ke jan ƙafa wajen haɗa aure da mahauta ko maroƙa. Kamancin ya tsaya ne a bakin aure da girma. Mahauci Bahaushe yana shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da basarake, yana ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da malami, in ya mutu kuma unguwa ce ke ɗaukar gawarsa. Saboda haka kalmar achhut, wadda ita ce kan sunan fim ɗin 1936, ba ta da takwara a Hausa, dole sai an warware ta da jimla.