Ray Harryhausen: Gwanin raya dodanni a majigi

Kafin kwamfuta ta mamaye sana'ar shirya finafinai, dodanni da halittun almara da dama da aka gani suna tafiya a majigi, da hannu aka motsa su.

Cikin waɗanda suka yi wannan sana'a babu wanda ya kai Ray Harryhausen suna. Ba'amurke ne da ya shafe fiye da shekaru 30 yana ƙera 'yan mutum-mutumi, yana sa su tafiya da gudu da faɗa kamar masu rai.

Ya mutu a Landan ranar 7 ga watan Mayun 2013, yana da shekaru 92.

Tasowarsa

An haifi Raymond Frederick Harryhausen a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya ranar 29 ga watan Yunin 1920.

A 1933, yana ɗan shekara 13, ya kalli fim ɗin King Kong, labarin wani ƙaton goggon biri da aka kamo daga tsibiri aka kai shi birnin New York. Ya fito daga silima bai san yadda aka yi birin ya motsa ba, kuma neman amsar wannan tambaya ne ya zame masa sana'a.

A garejin gidansu ya fara gwaji. Ɗaya daga cikin halittun farko da ya ƙera, da wata tsohuwar rigar sanyi mai gashi ta mahaifiyarsa ya lulluɓe ta.

Iyayensa ba su hana shi ba, sai ma suka shiga aikin. Mahaifinsa, wanda ya iya aikin ƙarfe, shi ke ƙera masa ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi da ake sa wa a cikin mutum-mutumin, mahaifiyarsa kuma tana ɗinka musu tufafi.

Daga baya ya sadu da Willis O'Brien, mutumin da ya motsa birin King Kong. O'Brien ya duba aikin yaron, ya ba shi shawarar ya je ya koyi zane da yadda tsoka da ƙashi suke a jikin dabba, domin halittunsa su yi kama da na gaske. Ya bi shawarar.

Ya fara aikin albashi ne a wajen George Pal, mai shirya gajerun finafinan 'yan tsana. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi aiki a sashen shirya finafinai na rundunar sojin Amurka, a ƙarƙashin darakta Frank Capra.

Yadda ake aikin

Fim dai jerin hotuna ne marasa motsi. Majigi na haska hotuna 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, ido kuma ya ɗauke su a matsayin motsi.

A kan wannan aka gina sana'ar Harryhausen. Ana ƙera mutum-mutumi da roba a kan ƙashin ƙarfe, tsawonsa sau da yawa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Sai a ɗauke shi hoto guda, a ɗan gusa hannunsa ko ƙafarsa, a sake ɗaukar wani hoton, a haka har a gama.

Ke nan motsin minti ɗaya na buƙatar hotuna 1,440. A wancan zamani babu na'urar da za ta nuna wa mai aikin abin da ya ɗauka nan take, sai an wanke fim ɗin. Idan ya manta inda wutsiya ko hannu ya dosa, to aikin yini na iya lalacewa.

A 1949 ya yi wa O'Brien mataimaki a fim ɗin Mighty Joe Young, wanda shi ma labarin goggon biri ne. Harryhausen ne ya yi mafi yawan aikin motsa birin, amma da fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto, O'Brien ne ya karɓa, kasancewarsa shugaban aikin.

Dabarar da ya fito da ita

Hanyar O'Brien tana da tsada, domin tana buƙatar masu zane da dama su zana daji ko gari a kan manyan gilasai. Harryhausen ya nemi hanya mai sauƙin kuɗi wadda mutum ɗaya zai iya.

Da farko sai a ɗauki 'yan wasa a titi ko bakin teku, suna gudu ko suna kai sara ga abin da ba ya nan. Sai ya haska wannan fim, hoto bayan hoto, a wani ƙaramin allo da ke bayan teburin da mutum-mutumin yake.

Tsakanin kyamara da teburin akwai gilashi, wanda yake shafa wa baƙin fenti a daidai ɓangaren ƙasa domin ya rufe teburin. Bayan ya gama motsa dodon, sai ya mayar da fim ɗin baya, ya rufe saman, ya buɗe ƙasan, ya sake ɗauka.

Idan aka haska, sai a ga dodon a tsakiyar gari, gini a bayansa, mutane da motoci a gabansa. Wannan dabara ce daga baya aka raɗa wa suna Dynamation.

Ya fara amfani da ita a The Beast from 20,000 Fathoms na 1953, labarin wata dabbar zamanin da wadda gwajin makamin nukiliya ya farkar da ita, ta afka wa New York. An kashe kimanin dala dubu 200 wajen shirya shi, ya kuma samo miliyoyin daloli. Yana cikin finafinan da suka yi tasiri a kan Godzilla, wanda aka yi a Japan a 1954.

A 1955 ya fara aiki da furodusa Charles Schneer, suka kuma ci gaba tare har zuwa fim ɗinsa na ƙarshe. Fim ɗinsu na farko, It Came from Beneath the Sea, labarin wata halittar teku ce mai hannuwa takwas, amma saboda ƙarancin kuɗi shida kawai aka yi mata, aka riƙa ɓoye gibin a cikin ruwa.

Sindbad da tatsuniyoyin Girka

Da kasuwar finafinan dodanni masu rusa birane ta fara ja da baya, sai ya juya ga labaran Dare Dubu da Ɗaya.

A 1958 aka fitar da The 7th Voyage of Sinbad, dogon fim mai launi na farko da ya jagoranci dabarunsa. An ɗauki wani sashe nasa a fadar Alhambra da ke Granada, wadda sarakunan Musulmi na Andalus suka gina, ita ce ta fito a matsayin Bagadaza.

Fim ɗin bai bi labarin Sindbad na asali sau da ƙafa ba. An cika shi da halittu iri-iri, ciki har da wani ƙato mai ido ɗaya da ƙaho, da ƙaton tsuntsu mai kai biyu, da ƙwarangwal mai takobi. Ya samu karɓuwa sosai, har aka yi wasu finafinan Sindbad biyu a 1973 da 1977.

A 1960 Harryhausen ya koma Landan da zama. A can ya yi aikin da aka fi tunawa da shi, wato Jason and the Argonauts na 1963, wanda aka ɗauko daga tatsuniyoyin Girkawa.

A ƙarshen fim ɗin, ƙwarangwal bakwai sun tsago daga ƙasa sun yi faɗan takobi da mutum uku. Kowane ƙwarangwal na da kai da hannu biyu da ƙafa biyu, ke nan sai an gyara gaɓoɓi 35 kafin a ɗauki hoto ɗaya, kuma dole kowane sara ya dace da takobin ɗan wasan da aka riga aka ɗauka.

Akwai ranakun da hotuna 13 kacal yake iya ɗauka, wato kaɗan ya ɗara rabin daƙiƙa. Faɗan na 'yan mintoci ne a majigi, amma ya ci masa wata huɗu da rabi.

Galibi shi kaɗai yake aiki a ɗaki. Kuma ko da yake ba shi ake rubutawa a matsayin darakta ba, sau da yawa daga zane-zanensa ake gina labarin, shi ya sa ake danganta finafinan da shi fiye da daraktocinsu.

Ritaya da zuwan kwamfuta

Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Clash of the Titans na 1981, wanda shahararren ɗan wasan Birtaniya Laurence Olivier ya fito a ciki. A nan ne ya ƙera Medusa, mace mai macizai a maimakon gashin kai, waɗanda sai an motsa kowannensu daban. A wannan karon sai da ya ɗauki mataimaka biyu, Jim Danforth da Steve Archer.

A lokacin, sana'ar ta fara sauyawa. Star Wars na 1977 ya zo da kyamarorin da kwamfuta ke sarrafawa da manyan rukunonin ma'aikata. Kamfanoni ba su zuba kuɗi a sabon aikin da ya tsara ba, sai ya yi ritaya.

A 1993 fim ɗin Jurassic Park ya nuna cewa kwamfuta na iya zana dabba ta fito kamar ta gaske. Da farko an shirya motsa mutum-mutumi ne a fim ɗin, amma da aka ga gwajin kwamfuta sai aka sauya shawara.

Harryhausen ya sha bayyana cewa kwamfuta kayan aiki ce kamar sauran, amma a ganinsa idan almara ta cika kama da zahiri, takan rasa abin da ke sa ta zama kamar mafarki.

Dabarar motsa mutum-mutumi dai ba ta mutu ba. Kamfanin Aardman na Birtaniya, mai finafinan Wallace and Gromit, da ita ya yi suna.

Karramawa

Duk tsawon aikinsa babu fim ɗin da ya jagoranci dabarunsa da ya ci kyautar Oscar. Sai a 1992, shekaru 11 bayan fim ɗinsa na ƙarshe, aka ba shi lambar girmamawa ta Gordon E. Sawyer. A wajen bikin, ɗan wasa Tom Hanks ya ce a wurinsa babu fim ɗin da ya kai Jason and the Argonauts.

A 2010, lokacin da ya cika shekaru 90, hukumar finafinai ta BAFTA ta ba shi lambar yabo ta musamman, wadda Peter Jackson, daraktan The Lord of the Rings, ya miƙa masa. Steven Spielberg da George Lucas da James Cameron da Tim Burton duk sun ce ayyukansa sun yi tasiri a kansu.

Matarsa Diana tattaɓa-kunnen David Livingstone ce, ɗan mishan ɗin nan na Scotland da ya yi tafiye-tafiye a Afirka. Ta mutu watanni biyar bayan mutuwarsa, sun bar 'ya ɗaya.

A 1986 suka kafa gidauniya mai ɗauke da sunayensu, wadda ke adana mutum-mutumin da zane-zanen da ya bari. Babban aikinta shi ne ceto su daga lalacewa, domin robar da aka yi su da ita tana bushewa tana marmashewa idan ta daɗe.

A 2020, shekarar cika shekaru 100 da haihuwarsa, an buɗe baje kolin kayan nasa a gidan adana zane-zanen zamani na ƙasa da ke Edinburgh, ciki har da ƙwarangwal ɗin da suka yi faɗa da Jason.