Ba Na'urorin Intanet Wutar Lantarki ta Kebul ɗin Sadarwa

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001, lokacin da gwamnatin Alhaji Ibrahim Saminu Turaki ta kafa Cibiyar Informatics a Kazaure, wannan shiyya ta jihar Jigawa ta yi suna wajen koyar da ilimin kwamfuta. Muna gabatar da wannan bayani domin amfanin makarantu, asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, waɗanda ke son kafa intanet marar waya a harabarsu.

Mene ne PoE?

Na'urar da ke watsa intanet ba tare da waya ba akan ɗora ta ne a jikin silin ko a kan dogon ƙarfe, inda babu soket. PoE hanya ce ta tura wuta da bayanai tare cikin kebul guda, mai silin waya takwas da aka murɗa bibbiyu. Wutar tana fitowa daga akwatin rarraba layi mai PoE, ko daga ƙaramar na'ura da ake kira injekta. Haka kuma ake kunna kyamarorin tsaro da wayoyin tebur masu aiki da intanet.

Amfaninsa gare mu a fili yake: idan aka haɗa akwatin rarraba layi da inbata da batir, ko da wutar sola, dukkan na'urorin harabar za su ci gaba da aiki ko an ɗauke wuta.

Ƙa'idojinsa

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE da ke Amurka ce ta tsara su:

1. 802.3af, shekarar 2003: wat 15.4 daga tushe, wat 12.95 ke isa ga na'ura.
2. 802.3at, shekarar 2009: wat 30 daga tushe, wat 25.5 ga na'ura.
3. 802.3bt, shekarar 2018: har wat 90 daga tushe, da dukkan silin takwas.

A ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji, akwatin yakan fara gwada na'urar da ƙaramar wuta, ba ya sakin cikakken ƙarfi, wato kimanin bolt 48, sai ya tabbatar tana karɓar PoE. Shi ya sa kwamfuta ba ta ƙonewa idan aka sa mata kebul ɗin.

Abubuwan Kiyayewa

Injekta marar gwaji: Akwai masu sakin bolt 24 ko 48 kai tsaye ba tare da gwaji ba, galibi na rediyoyin da ke haɗa gini da gini. Sa wa na'urar bolt 24 injektar bolt 48 na iya ƙona ta nan take. A duba rubutun da ke jikin kowacce kafin a haɗa.

Tsawon kebul: Kada ya wuce mita 100. Ginin da ya fi haka nisa yana buƙatar wani akwatin a tsakani.

Ingancin kebul: A sayi Cat5e ko Cat6 na jan ƙarfe zalla. Mai araha da aka yi da alminiyom aka shafa masa jan ƙarfe yana zubar da wuta a hanya, yana kuma ɗaukar zafi, musamman a watannin Afrilu da Mayu. A kankare sili ɗaya da wuƙa. In cikinsa fari ne, alminiyom ne.

Jimillar wuta: Kowane akwati yana da iyakar wat. Mai wat 60 ba zai riƙe na'urori takwas masu cin wat 12 kowacce ba.

Tsawa: Da damina, kebul ɗin da ya hau dogon ƙarfe na iya jawo ƙarfin aradu cikin ofis. A yi amfani da kebul na waje mai sulke, a sa makarin tsawa, a kuma binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa da shi.

Muna jan hankalin jami'an sayen kaya da su rubuta lambar ƙa'ida da nau'in kebul cikin takardar kwangila, su kuma duba kayan kafin a biya ɗan kwangila.