Yadda kiwo ke shafar saiwar gamba

A yankin Gidan Katta da ke Ƙaramar Hukumar Illela, kusa da iyakar Nijar, damina ba ta wuce wata huɗu, kuma a cikinta ne gamba ke tara abinci a gindi da saiwa domin tsallake rani. Ganye ne ke samar da wannan abinci. Binciken Franklin Crider na 1955 a Amurka ya nuna cewa idan aka cire fiye da rabin ganyen ciyawa, saiwa takan tsaya da girma na kwanaki.

Kiwo sau ɗaya ba ya kashe gamba. Maimaita shi kafin toho ya yi ƙwari ne ke ƙarar da ajiyarta, sai ƙarangiya ta maye gurbinta, iskar hunturu kuma ta riƙa kwashe ƙasa.