Lugbe, Masaukin Baƙin Abuja

Ban taɓa jin wanda ya bar garinsu da niyyar zuwa Lugbe ba. Abuja kowa ke cewa za shi. Ni ma haka na faɗa a Funtuwa da aka yi mini canjin wurin aiki a ƙarshen mulkin soja. Da na ji kuɗin hayar ɗaki a Wuse da Garki sai jikina ya yi sanyi, wani abokin aiki ya ce in gwada hanyar filin jirgin sama, kafin Allah ya hore.

Abin da na fara gani a Lugbe jar ƙasa ce da ƙura. A gefe guda rukunin gidajen gwamnatin tarayya na FHA a jere, bayansu kuma kunyoyin doya da gonakin dawa har inda ido ya tsaya. Matan Gbagyi na dawowa daga daji da itace a cikin ƙwarya, ba a ka ba, a kafaɗa, sun ɗan karkata wuya gefe. Na tsaya ina kallo kamar baƙauye, alhali ni ne na zo da takalmi sau ciki. Ruwa sai na 'yan ga-ruwa. Mai shayin bakin titi mutumin Maraɗi ne, shi ya fara nuna mini masallaci.

Na ɗauka na zo ƙasar da babu ruwan Hausawa da ita, ashe rashin sani ne. Sarakunan Haɓen Zazzau da jihadi ya kora sun yo kudu, ɗayansu Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni ran 3 ga Fabrairun 1976, bisa shawarar kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda, sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Bayan kwana goma aka kashe Murtala. Da farko an ce za a kwashe duk mazauna yankin a sake musu matsuguni a waje. Da aka lissafa kuɗin sai aka fasa, aka bar mafi yawansu a ƙauyukansu. Nan gizo ke saƙa: mutanen suna nan, ƙasar kuwa a takarda ta gwamnati ce.

Ran 12 ga Disambar 1991 Janar Babangida ya taso daga Legas, ma'aikatu suka biyo shi. An tsara birni ga minista da babban sakatare, amma masinja da direba da mai gadi ba a yi musu isasshen tanadi ba. Su ne suka gina Lugbe. Mutum ya je wurin mai unguwa, ya biya, a rubuta masa 'yar takarda, ya aza bulo. Da Nasiru El-Rufa'i ya riƙe ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007, aka gane nauyin wannan takarda. Rusau bai bar ƙauyukan wannan hanya irin su Chika ba. Ganin jan fenti a bango ya isa ya hana magidanci barci. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, 'yan acaɓan suka ƙaro mana yawa.

Daga baya aka faɗaɗa titin, aka sa masa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa. Duk shugaban da ya sauka Abuja ta gabanmu yake wucewa da jiniya, bai san da mu ba. Gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe suka cinye gonakin, haya ta hau, sabon zuwa yanzu sai ya gangara Sabon Lugbe ko Gosa.

Tsohon mai gidan da na fara haya, Bagbagyi ne mai Hausa tsaf, na gamu da shi a bara. Na ce, "Baba, ina labarin doya?"

Ya ce, "Malam, a kasuwa nake saye." Ɗansa na biyu gadi yake yi a wani rukunin gidaje da aka gina a kan gonarsu.