Disket: yadda aka yi jigilar rubutu kafin kile USB

Ƴan uwa ɗalibai, ɗan hoton nan mai kusurwa huɗu da muke latsawa cikin Word don adana aiki, hoton disket ne, faifan da malamanmu da yayyenmu suka yi ta yawo da shi cikin aljihu. Ko harafin C na babban faifan kwamfuta gadonsa ne, don A da B an ware su ne tun farko saboda disket.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da shi a 1971, faɗinsa inci 8, yana ɗaukar wajen kilo-okte 80. A 1976 kamfanin Shugart ya rage shi zuwa inci 5 da kwata. Farkon shekarun 1980 Sony na Japan ya kawo mai inci 3 da rabi, cikin kwanso mai tauri da ƴar ƙofar ƙarfe mai zamewa. Shi ne ya kai mega-okte 1,44 a 1987. Yau hoto guda na salula kan fi ƙarfinsa, amma a kan irinsa guda 13 aka sayar da Windows 95.

Yin kwafi kuwa sai da haƙuri. Ka zura disket, ka buga umarni cikin DOS, ka saurari ƙugin injin. In ramin disket ɗaya ne, sai ka cire na asali ka sa sabo, ka sake musanyawa har a gama. Sunan fishiye ba ya wuce haruffa 8, ke nan "tatsuniyoyi" sai a guntule ta, ta koma TATSUNIY. Zafi da ƙura da maganaɗisu duk maƙiyansa ne, to ku ƙiyasta halinsa cikin hunturunmu. Ga kuma cuta: birus ɗin Brain, da wasu ƴan uwa biyu suka rubuta a Lahor ta Pakistan a 1986, ta disket ya tsallaka ƙasashe. Shi ya sa mai wayo kan tura ɗan makullin da ke kusurwa ya buɗe hudar, don kada injin wani ya rubuta masa komai a kai.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Unicode ya ba su gurbi tun 1991, amma an daɗe kafin injinan da ke hannun mutane su bi shi. Kafin nan, masu buga Hausa kan yi aiki da samfurin haruffa na musamman, wanda ke ara wa ƙ mazaunin wata alama daban. Ka kwafi rubutu ka manta samfurin, in an buɗe a wani inji sai ka ga alamun banza sun maye gurbin haruffanmu. Wasu suka gaji suka zubar da lanƙwasar, ƙasa da kasa suka zama abu guda.

Apple ya fitar da iMac babu ramin disket a 1998, Sony ya daina yinsa a 2011, gwamnatin Japan ma ta sallame shi a 2024. To, memuwar da tatsuniyoyi da jerin kalmomin da aka buga a kansa fa? Maganaɗisun faifan yana raunana a hankali, ko ba a taɓa shi ba.

Littattafan ajami sun iso gare mu ne don almajirai sun yi ta kwafarsu hannu da hannu. Disket ma haka yake so. Har yanzu ana samun injin karanta shi mai jonawa ta USB. Ku tambayi malamai da yayye abin da ke cikin tsofaffin akwatunansu, mu kwafe, mu mayar da haruffan cikin Unicode, mu ajiye a wuri biyu ko uku. Da tsohuwar zuma ake magani.