Sikawut da Tarbiyyar Ƙananan Yara a Tudun Wadar Zariya

Sikawut ƙungiya ce ta sa-kai da ke horar da yara da matasa a kan kyawawan ɗabi'u, dogaro da kai da yi wa jama'a hidima, ta hanyar wasanni, aikin hannu da zaman sansani. Ba ruwanta da siyasar jam'iyya, ba ta kuma ware ƙabila ko addini, sai dai tana neman kowane yaro ya riƙe addininsa da kyau. A Tudun Wada da sauran sassan Zariya, ta makarantun boko harkar ta shigo tun zamanin Turawa. Amma salonta na sanya kaki, fareti da taimakon gaggawa ya fi bazuwa ta hannun 'yan agajin ƙungiyoyin Musulunci da rundunonin yara na majami'u.

Asali

Wanda ya kafa sikawut shi ne Robert Baden-Powell (1857–1941), hafsan sojan Birtaniya da ya yi aiki a Indiya da Afirka. Yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi ta ƙasar Ashanti a 1896, ya kuma yi suna a garin Mafeking na Afirka ta Kudu, inda aka yi wa dakarunsa ƙawanya har kwana 217 tsakanin 1899 da 1900. A watan Agustan 1907 ya kai yara 20 tsibirin Brownsea a kudancin Ingila domin gwada tsarinsa, a 1908 kuma ya fitar da littafin Scouting for Boys. A 1910 aka buɗe ɓangaren 'yan mata, Girl Guides, ƙarƙashin ƙanwarsa Agnes.

Da farko an tsara harkar ne domin yara masu shekara 11 zuwa sama. Da ƙannensu suka riƙa biyo su wuraren taro, sai aka ware wa ƙanana matakinsu: Brownies na 'yan mata, wanda ya faro a 1914, da Wolf Cubs na maza a 1916. An gina wasannin matakin maza a kan labaran dabbobin daji na littafin The Jungle Book na Rudyard Kipling, shi ya sa ake kiran jagoran yaran Akela, sunan shugaban garken kyarketai a littafin.

An yi babban taron sikawut na duniya na farko a Landan a 1920. A yau ƙungiyar sikawut ta duniya tana da rassa a ƙasashe fiye da 170 da mambobi sama da miliyan 50, kuma Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ita ce kan gaba a yawan mambobi. Ofishin shiyyar Afirka yana Nairobi. A garin Nyeri na ƙasar Kenya aka binne Baden-Powell.

Shigowa Najeriya da Arewa

An kafa sikawut a Najeriya a 1915 a Legas, ƙungiyar Girl Guides ta biyo baya a 1919. Najeriya ta zama mamba a ƙungiyar sikawut ta duniya a 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai. A Kudu makarantun mishan ne suka ɗauki nauyin harkar. A Arewa, inda Turawan mulki suka taƙaita ayyukan mishan a masarautun Musulmi, makarantun Midil na En'e da kwalejojin gwamnati ne suka fi ɗaukarta, malaman makaranta su ne jagorori. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi, ya halarci babban taron sikawut na duniya da aka yi a Faransa a 1947, lokacin yana karatu a Landan.

Haɗa yara a ƙungiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ƙauyuka da unguwanni suna da ƙungiyoyin samari masu sarautunsu, da Sarkin Samari a kan gaba, suna shirya wasa, suna fita aikin gayya. Masani M. G. Smith ya bayyana su a binciken da ya yi a ƙasar Zazzau wajen 1950. A Jamhuriyar Nijar gwamnatin Seyni Kountché (1974–1987) ta farfaɗo da wannan tsari da sunan Samariya. Abin da sikawut ta zo da shi sabo shi ne rubutacciyar doka, rantsuwa, kaki da lambobin ƙwarewa.

Tudun Wada

Tudun Wada tana tsakanin ganuwar Birnin Zazzau da kogin Kubanni. Turawan mulki ne suka ware ta a farkon ƙarni na 20 domin baƙi 'yan Arewa, kamar yadda aka ware Sabon Gari ga waɗanda suka fito daga Kudu. Daga baya cibiyoyin ilimi suka kewaye ta: Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, Kwalejin Barewa wadda aka fara a Katsina a 1921 ta koma Zariya a 1949, da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Asibitin koyarwa na jami'ar ma a Tudun Wada yake kafin a mayar da shi Shika. Wannan ya tara malamai, akawuna, ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa daga larduna daban-daban, waɗanda 'ya'yansu suka taso nesa da gandun kakanni da ƙungiyoyin samarin garuruwansu. A irin wannan wuri makaranta, masallaci, Islamiyya da coci ne ke haɗa yara.

Yadda ake horon

Matakin ƙanana ya shafi yara daga wajen shekara 7 zuwa 11. Ana kasa su shida-shida, a naɗa wa kowane rukuni shugaba daga cikinsu. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin: yaro ya saba da shugabanci da biyayya tun yana ƙarami, a tsakanin tsararrakinsa, babba yana sa ido daga gefe. Taro yakan kasance sau ɗaya a mako bayan tashi daga makaranta. Ana buɗe shi da addu'a da duba tsafta, sannan wasanni, waƙoƙi, labari da darasin aikin hannu.

Ranar shigar da yaro yakan yi alkawari a gaban 'yan'uwansa cewa zai yi iya ƙoƙarinsa wajen sauke haƙƙin Allah da na ƙasa, ya taimaki mutane, ya kiyaye dokar ƙungiya. Dokar ta ƙunshi riƙon amana, gaskiya, ladabi, tausayin dabbobi, tattali da tsafta. Ana son kowace rana ya yi wa wani alheri ba tare da jiran sakayya ba. Daga nan ake ɗaura masa ƙyallen wuya. 'Yan sikawut suna musabaha da hannun hagu a tsakaninsu, al'adar da ke buƙatar bayani ga iyaye a ƙasar Hausa, inda miƙa hagu rashin ladabi ne.

Ci gaban yaro ba da jarrabawar aji ake auna shi ba, sai da abin da ya iya yi da hannunsa: ƙulla igiya iri-iri, wanke rauni da ɗaure shi, hura wuta da kashe ta, gane gabas da yamma, dasa itace, isar da saƙo ba ragi ba ƙari. Duk abin da ya ƙware a kai ana ba shi lamba ya ɗinka a riga.

Matsayin iyali

A matakin ƙanana, rabin aikin a gida ake yin sa. Iyaye ne ke ba da izini, su sayi kaki, su biya kuɗin sansani. Wasu ayyukan neman lamba, kamar shara, wankin tufafi da kula da ƙanne, uwa ce shaidarsu. Abubuwan da dokar ke nema sun yi daidai da abin da Bahaushe ke kira kirki da kunya da amana, don haka iyaye ba su cika ƙin manufar ba. Abin da ya fi hana su shi ne kuɗi da lokaci. Yaron Tudun Wada yakan tafi boko da safe, Islamiyya da yamma, wani ya ƙara da ta dare, Asabar da Lahadi ma akwai karatu. Yarinya kuma ga aikin gida, wata ga talla.

Ƙungiyoyi masu kama da ita

'Yan agaji su ne suka fi fitowa fili a titunan Zariya. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, Fityanul Islam da aka kafa a Kano a 1963, da Izala da aka kafa a Jos a 1978, kowace tana da rundunar agajinta mai kaki da muƙamai. Suna tsara sahu da ababen hawa a masallatan Juma'a da filin Idi, suna hidima a wuraren tafsiri da sansanin alhazai. A zagayen Mauludi akan ga yara ƙanana cikin kakin agaji suna fareti. Irin wannan hidima 'yan sikawut na Saudiyya ke yi wa mahajjata kowace shekara.

A ɓangaren Kirista akwai Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, ta iso Legas a 1908, da takwararta Girls' Brigade. An san su da ganguna da ƙaho a majami'u, ciki har da na Wusasa da Sabon Gari. Akwai kuma Man O' War, wadda ta samo asali daga cibiyar horon shugabanci da aka buɗe a 1951. Bambancin sikawut da rundunonin addini shi ne tana iya haɗa ɗan Musulmi da ɗan Kirista a rukuni ɗaya. Akan ga waɗannan ƙungiyoyi tare a faretin Ranar Yara, 27 ga Mayu, da na Ranar 'Yancin Kai, 1 ga Oktoba.

Suka da ƙalubale

Masana tarihi sun nuna cewa a zamanin mulkin mallaka an yi amfani da sikawut wajen cusa biyayya ga Daular Birtaniya, domin alkawarin wancan lokaci ya haɗa da biyayya ga Sarkin Ingila. Bayan 'yanci ƙasa ta maye gurbin sarki a cikin alkawarin. Ɗamfaruwar harkar da makarantar boko ta sa almajiran tsangaya da yaran da ba sa zuwa makaranta sun kasance a waje, alhali suna cikin masu buƙatar irin wannan kulawa. Cunkoson azuzuwa tun bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya rage wa malamai sukunin ayyukan bayan aji.

Matsalar tsaro ta ƙara wani cikas. Sace ɗalibai a Jihar Kaduna, kamar na Afaka a 2021 da na Kuriga a 2024, ya sa iyaye ɗari-ɗari da duk wata kwana a wajen gari, alhali zaman sansani na cikin jigon horon. Akwai kuma batun kare yara daga cutarwar manyan da aka ba amanarsu. A taronta na Baku a 2017, ƙungiyar ta duniya ta amince da manufar kare yara, wadda ta ɗora wa rassan ƙasashe nauyin tantance jagorori, horar da su, da samar da hanyar kai ƙara ga yara da iyayensu.