Gida-gida a Titin Halsted: Yadda Aka Zana Taswirar Unguwar Baƙi a Shikago

Tsakanin watan Afrilu da Yuli na 1893, lokacin da birnin Shikago na Amurka ke ta hidimar babban baje kolin duniya, wasu ma'aikatan gwamnati huɗu suna can suna bin lunguna gida-gida, riƙe da takardun tambayoyi. Su hau bene, su sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, su leƙa shagunan tela: daga wace ƙasa kuka zo, ku nawa ne a ɗakin nan, nawa ke shigowa a mako? Kafin a aika da takardun Washington, sai a kwafe bayanan a wani tsohon gida da ke titin Halsted. Sunan gidan Hull House, wanda Jane Addams da Ellen Gates Starr suka buɗe a 1889 don masu ilimi su tare cikin talakawa 'yan ci-rani, su zama maƙwabtansu.

Binciken na hukumar ƙwadago ta tarayya ne, kuma Florence Kelley, mazauniyar gidan, ita ta jagoranci ɓangaren Shikago. Daga wannan kwafi ne Agnes Sinclair Holbrook ta fitar da taswirorin da aka buga a 1895 cikin littafin Hull-House Maps and Papers.

Wurin da aka zana ɗan ƙarami ne, kusan sulusin murabba'in mil, daga titin Halsted zuwa State, daga Polk zuwa titi na goma sha biyu. Amma a cikinsa aka ƙirga al'ummomi 18. Taswirorin iri biyu ne. Ɗaya na nuna asalin mutane: shuɗi ga Italiyawa, kore ga 'yan Ailan, rawaya ga mutanen Bohemiya. Ɗayan na nuna kuɗin da iyali ke samu a mako, daga baƙin launi, wato dala 5 ko ƙasa da haka, zuwa rawaya, sama da dala 20. Idan fili ɗaya ya haɗa ƙabilu huɗu, sai a yanka shi kashi huɗu gwargwadon yawan kowa, har takardar ta koma kamar zanen da aka haɗa da ƙyallaye.

Ba su ne suka fara ba. Charles Booth ya riga su da taswirar talaucin Landan a 1889, kuma sun faɗa da bakinsu cewa daga wurinsa suka koya. Sai dai akwai bambanci mai nauyi. Booth ya dogara da rahoton jami'an makarantu, ya shafa launi titi-titi, sannan ya laƙaba wa baƙin launinsa ma'anar mugun hali da kusanci da laifi. A taswirar kuɗin Hull House kuwa baƙin launi adadin kuɗi ne kawai. Wanda ya ce mutum na samun dala biyar a mako ya bar ƙofar tambaya a buɗe: wa ke biyan sa haka? Wanda ya kira shi ɓata-gari ya riga ya yanke hukunci. A nan darajar aikin take, kuma maƙwabtaka ce ta haifar da ita. Matan nan sun san matar da ke ɗinkin riguna a ɗaki ɗaya da 'ya'yanta, suna jin warin sharar da ke lungunta, domin lungunsu ne su ma. Har babin da ya yi magana a kan mutanen Bohemiya, 'yar cikinsu ce ta rubuta, Josefa Humpal Zeman, na Italiyawa kuma Alessandro Mastro-Valerio.

Taswirar ta kuma ƙaryata wani zargi da ya zama ruwan dare. An ware gidajen karuwai da nasu launin, aka ga sun taru a gabashin kogin da ya ratsa unguwar, kuma mafi yawan mazaunansu haifaffun Amurka ne masu jin Turanci, ba baƙin da ake ɗora wa laifin lalata birni ba.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗauki waɗannan launuka tamkar madubi. Mutum ne ya zaɓe su, kuma zaɓin na ɗauke da tunanin zamaninsa. Yaron da aka haifa a Amurka, iyayensa baƙi, idan ya kai shekara goma ko yana makarantar gwamnati, sai a sa shi cikin masu jin Turanci, a ba shi farin launi. Baƙar fata kuwa, wanda kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar, wanda ba shi da wani harshe sai Turancin, an ware shi daban da baƙin launi, tamkar jiya ya sauka daga jirgin ruwa. Ɗan Italiya na da hanyar fita daga launinsa, shi ba shi da ita. Abin da ciwo, musamman da yake ya fito daga hannun mutanen da suka fi yawancin tsararsu adalci. Bayan shekara huɗu, a 1899, W. E. B. Du Bois ya ɗauki irin wannan dabara ya zana unguwa ta bakwai a Filadelfiya, inda ya nuna cewa baƙar fatan ma ba tudu ɗaya ba ne, akwai masu hali, akwai 'yan ƙwadago, akwai matalauta. Isabel Eaton, wadda ta yi aiki tare da shi, tana cikin marubutan littafin Hull House.

Wasu kan ce taswirar ce ta kawo dokar masana'antu ta jihar Illinois, inda Shikago take. Lissafin shekaru bai yarda ba: dokar ta 1893 ce, littafin kuma 1895. Gaskiyar ita ce tukunya ɗaya ta dafa su. Binciken da Kelley ta yi tun 1892 a kan ɗinkin ƙwadago a gidajen haya shi ya share fagen dokar da ta hana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 14 aiki a masana'anta, ta kuma taƙaita aikin mata zuwa awa takwas. Gwamna John Peter Altgeld ya naɗa ta babbar mai duba masana'antu. A shekarar da littafin ya fito, kotun ƙolin jihar ta soke sashen awa takwas ɗin.

Daga baya malaman Jami'ar Shikago, irin su Robert Park da Ernest Burgess, suka yi suna da nazarin birni ta hanyar taswira, aka daɗe ana kallon aikin matan Halsted a matsayin jinƙai, ba ilimi ba. Holbrook kuwa tun farko ta lura cewa mutanen unguwar ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin ƙaura suke, har gidajen katakon ma akan ɗaga su a mayar bayan fili don a gina na bulo a gaba. A 1963 aka rushe mafi yawan gine-ginen Hull House don a gina harabar Jami'ar Illinois, aka bar ainihin gidan da ɗakin cin abinci, waɗanda yanzu gidan tarihi ne.